Malcolm X: An Kashe Shi Bai Gama Magana Ba

Ranar 18 ga Nuwamba, 2021, wata alƙaliya a birnin New York, Ellen Biben, ta soke hukuncin da aka yanke wa mutum biyu tun 1966 kan kisan Malcolm X, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin baƙaƙen Amurka da aka harbe a 1965. Ɗaya daga cikinsu, Muhammad Abdul Aziz, yana zaune a kotun ranar, dattijo ɗan shekara 83. Ɗayan, Khalil Islam, ya riga mu gidan gaskiya tun 2009, aka binne shi da sunan mai kisan kai. Aziz ya fito daga kurkuku a 1985, Islam a 1987, kowannensu ya kwashe shekara 20 ko kusan haka a ɗaure kan laifin da bai aikata ba. Babban mai gabatar da ƙara na Manhattan, Cyrus Vance, ya miƙe ya nemi gafara. Ya ce binciken wata 22 ya nuna FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, da 'yan sandan New York sun danne takardun da, da an fito da su a lokacin shari'ar, da wuya a ɗaure mutanen nan. Shekarar da ta biyo baya birnin da jihar suka amince su biya diyyar dala miliyan 36.

An wanke mutum biyu, amma ba a kama kowa a madadinsu ba. Kisan da aka yi da rana tsaka, a gaban mutum kusan 400, har yau ba a kai ƙarshensa ba. Kuma a ganina ba shari'ar kaɗai aka bari a rataye ba. Shi kansa mamacin, abin da ya bari an yi masa rabon gado ne tun ba a gama zaman makoki ba, kowa ya ja abin da ya yi masa ya bar saura. Musulmi sun ɗauki labarin aikin Hajjinsa. Matasa masu zafin kai sun ɗauki hoton nan da yake leƙen taga da bindiga a hannu. Littattafan makarantun Amurka sun ajiye shi kusa da Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar baƙaƙe ta hanyar lumana, don su nuna wa yara hanyar da ba a so. Aikin da yake tsakiyar yi lokacin da aka harbe shi kuwa, shi ne ya fi ƙarancin magada.

Ba za a gane watanninsa na ƙarshe ba sai an san inda ya fito. An haife shi Malcolm Little a Omaha ta jihar Nebraska, ranar 19 ga Mayu, 1925. Mahaifinsa Earl mai wa'azin Kirista ne, mabiyin Marcus Garvey, mutumin Jamaika da ya yi kiran baƙaƙen duniya su tsaya da ƙafarsu. A 1931 aka tsinci Earl a kan layin jirgin cikin gari a Lansing ta Michigan. Hukuma ta ce hatsari ne, iyalinsa ba su taɓa yarda ba. Mahaifiyarsa Louise, 'yar tsibirin Grenada, ta yi ta fama da 'ya'ya da talauci har hankalinta ya taɓu, aka kai ta asibitin masu taɓin hankali inda ta yi sama da shekara 20, aka rarraba yaran gida-gida. Malcolm ya faɗa harkar caca da ƙwaya da fasa gidaje a Boston da Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, aka ɗaure shi a 1946. A kurkuku ya rungumi karatu, a nan kuma 'yan'uwansa suka kawo masa kiran ƙungiyar Nation of Islam. Da ya fito a 1952 ya yar da sunan Little, wanda ya ce na mai bayin da ya mallaki kakanninsa ne, ya sa harafin X a gurbin sunan asali da bauta ta shafe.

Mai karatu na wajenmu yakan ji an ce "Musulmin Amurka" ya ɗauka irin Musuluncin da ya sani ne. Ba haka ba ne a wancan lokacin. Ƙungiyar da Wallace Fard Muhammad ya kafa a Detroit a 1930, wadda Elijah Muhammad ya gada, tana koyar da cewa Fard ɗin Allah ne ya bayyana cikin surar mutum, Elijah manzonsa ne, farar fata kuma shaiɗanu ne da wani masanin kimiyya mai suna Yakub ya ƙirƙira. Ko ɗan makarantar allo ya san wannan ya bar hanya. Amma a lura da abin da ƙungiyar take yi wa mutumin da al'umma ta yar: tana raba shi da giya da ƙwaya da naman alade, tana sa masa tufafi masu tsabta, tana nemo masa sana'a, tana gaya masa cewa shi ba abin ƙyama ba ne. A unguwannin da ɗan sanda ke dukan baƙi ba mai cewa uffan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malcolm ya zama harshen ƙungiyar. Ya riƙe masallaci na 7 a Harlem daga 1954, ya buɗe rassa birni-birni, mabiya suka tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai masu yawa. FBI kuwa ta buɗe masa fayil tun 1953.

Abin da ya raba shi da ubangidansa ba ɗaya ba ne. A Afrilun 1962 'yan sandan Los Angeles suka harbe Ronald Stokes, sakataren masallacin ƙungiyar a can, ba makami a hannunsa. Malcolm ya so a tashi tsaye, Elijah ya ce a bar wa Allah. Wannan ya tsaya masa a rai: ga ɗaliban kudancin Amurka da yake yi wa ba'a suna shan kulki da cizon karnuka don neman 'yanci, ga ƙungiyarsa mai kaifin baki ta naɗe hannu. Sai kuma ya tabbatar da jita-jitar cewa Elijah, mai korar mabiya kan zina, ya haifi 'ya'ya da wasu 'yan matan da ke masa aikin sakatariya. Ga kuma hassadar na kusa da shugaban, waɗanda suke ganin idan tsohon ya mutu Malcolm zai gaje kujera ya binciki dukiya. Da aka kashe Shugaba Kennedy a Nuwamban 1963, Elijah ya hana kowa magana. Malcolm ya yi: ya ce kaji ne suka komo akurki, wato ƙasar da ta yi shiru kan kisan Patrice Lumumba, firaministan Kongo, da Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar baƙaƙe a Mississippi, da 'yan mata huɗu da bam ya hallaka a cocin Birmingham, ta girbi abin da ta shuka. Aka rufe masa baki na kwana 90, kwanakin suka cika ba a buɗe ba. Ranar 8 ga Maris, 1964, ya sanar da ficewarsa, ya kafa nasa masallacin.

Daga wannan rana zuwa mutuwarsa wata 11 ne da 'yan kwanaki, kuma kusan rabinsu a wajen Amurka ya yi su.

Labarin Hajjin shi ne wanda aka fi sani a wajenmu, har a mumbari ana kawo shi. 'Yar'uwarsa Ella ce ta ba shi kuɗin tafiya. A Jidda aka tsare shi saboda ba a gamsu cewa Musulmi ne ba, sai da ya nemo Dakta Omar Azzam, ɗan Abdurrahman Azzam, sakatare na farko na Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, sannan ƙofa ta buɗe, Yarima Faisal ya karɓe shi a matsayin baƙon gwamnati. Daga can ya rubuto wasiƙar da ta girgiza mabiyansa, yana cewa ya ci a kwano ɗaya, ya sha a kofi ɗaya, ya kwana a shimfiɗa ɗaya da Musulmi masu shuɗin ido da farar fata, bai ga ƙiyayya a tare da su ba. Ya dawo da suna Alhaji Malik El-Shabazz.

Duk wannan gaskiya ne. Inda ake kuskure shi ne a tsaya nan, a nuna kamar mai fushi ne ya je Makka ya huce ya dawo yana murmushi. Abin da ya bari shi ne aƙidar cewa launin fata kan sa mutum ya zama shaiɗan. Bai bar ko ɗaya daga cikin tuhumar da yake wa Amurka ba. Sai ma tuhumar ta ƙara nauyi, domin idan ba a jini wariyar take ba, to a doka take, da kasuwar gidaje, da makaranta, da ofishin 'yan sanda, da jam'iyyun siyasa, kuma waɗannan mutane ne suka gina su, ana iya kama su da laifi. Ƙungiyar siyasar da ya kafa a Yunin 1964 ba ta karɓar farar fata a matsayin mambobi. Ya ce mai son taimako daga cikinsu ya koma unguwarsu ya yi aiki a kan 'yan'uwansa, can cutar take.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: Malcolm ya ga Hijaz ne da idon baƙon sarki. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta a hukumance, shekara biyu kacal kafin zuwansa. 'Yan'uwanmu 'yan Takari da suka zauna a can suna wanki da dako sun san cewa daidaiton da ake gani a Arfa ba kullum yake bin mutum zuwa cikin gari ba. Wannan bai rage darajar abin da ya gani ba. Ya dai kamata mu daina amfani da wasiƙarsa muna wanke kanmu, kamar wariya cutar Turawa ce kaɗai.

Daga Makka bai wuce gida kai tsaye ba. Ya sauka Legas, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan a watan Mayu, inda ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, ɗa ya dawo gida. Ya wuce Ghana ya gana da Kwame Nkrumah, ya yi wa 'yan majalisa jawabi. A Accra ɗin nan ne ya yi kiciɓis da Muhammad Ali, ɗan damben da shi ya yi wa jagora zuwa Nation of Islam, Ali ya juya masa baya don biyayya ga Elijah, abin da ya ce ya yi nadamarsa bayan shekaru. A Yuli ya sake fitowa, wannan karon ya yi wata huɗu da wani abu yana zagaya nahiyar, ya zauna da Nasser da Nyerere da Kenyatta da Obote da Azikiwe da Sékou Touré. Mutumin da ba shi da muƙami, ba shi da albashi, gidan da yake ciki ma kotu ake yi da shi a kansa, amma fadojin shugabanni suna buɗe masa.

Me yake nema? Nan ne zuciyar lamarin. Hujjarsa ita ce, muddin baƙaƙen Amurka suna kiran matsalarsu batun 'yancin ɗan ƙasa, sun kai ƙara ne gaban wanda ya zalunce su, domin batun cikin gida ne, ba wata ƙasa da ke da hurumin sa baki. Idan suka kira ta take haƙƙin ɗan Adam, ta zama ta duniya, ana iya kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya kamar yadda ake kai Afirka ta Kudu kan wariyar launin fata da Fotugal kan mulkin mallaka. Ba shi ya fara wannan tunani ba. W.E.B. Du Bois, masani baƙar fata ɗan Amurka, ya kai koke a 1947, William Patterson da Paul Robeson sun kai wani a 1951 suna tuhumar Amurka da kisan ƙare dangi, duka aka sa su a aljihu. Abin da ya canza shi ne lissafin kujeru. A 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka sami 'yancin kai, ciki har da Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Du Bois ba shi da ƙasar da za ta ɗauki kokensa ta miƙa. Malcolm yana ganin ƙasashe sama da 30 da za su iya.

Da wannan ya je taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Alƙahira a Yulin 1964, aka ba shi matsayin ɗan kallo, ya raba wa wakilai takarda yana gaya musu cewa matsalar baƙaƙen Amurka miliyan 22 matsalarsu ce, kuma ba za a mutunta ɗan Afirka a ko'ina ba muddin ana wulaƙanta mai kama da shi a Mississippi. Lokacin bai taimake shi ba. Mako biyu kafin taron, ranar 2 ga Yuli, Shugaba Johnson ya sa hannu kan dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a da wajen aiki, jakadun Amurka kuma suka yi ta yawo da ita. Shugabannin suka fitar da ƙuduri mai laushi: sun yaba da dokar, sun nuna damuwa kan abin da ya rage. Ba wanda ya ɗauki ƙarar zuwa New York. Ba na ganin laifin tsoro ne kawai. Ƙasashe ne sababbi masu jiran tallafi da rance, kuma da yawa daga cikin shugabannin ba sa son a buɗe ƙofar da gobe za a bi ta a tambaye su yadda suke yi da nasu 'yan adawa. Duk da haka maganar ta bar alama. A Disamban shekarar, da ake muhawara a Kwamitin Sulhu kan saukar sojojin Beljiyam a Stanleyville ta Kongo cikin jiragen Amurka, wasu wakilan Afirka sun haɗa abin da ake wa baƙi a Kongo da abin da ake musu a kudancin Amurka. Washington ba ta ji daɗi ba. Ranar 9 ga Fabrairu, 1965, Faransa ta hana shi shiga daga filin jirgin sama, ba tare da wani dalili mai gamsarwa ba.

Batun King ma ana sauƙaƙa shi fiye da kima. Sau ɗaya tak suka haɗu, ranar 26 ga Maris, 1964, a majalisar dokoki, suka gaisa aka ɗauki hoto. Saɓaninsu na gaske ne. King yana ganin jure duka ba ramuwa shi ne makamin marasa rinjaye, domin yana tona asirin azzalumi a gaban kyamara. Malcolm yana ganin zalunci ne a ce wa mutumin da ake ƙona wa gida kada ya kare kansa, alhali kundin tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar riƙe bindiga. Ya sha yi wa King da abokansa baƙar magana, wasu maganganun ma ba adalci a cikinsu, domin su ne suke kwana a kurkukun Alabama lokacin da yake jawabi a Harlem. Amma a shekararsa ta ƙarshe yana matsowa. Ya fara kiran a yi rajistar zaɓe. Ya hau dandamali ɗaya da Fannie Lou Hamer, matar da aka lakaɗa wa duka a Mississippi don ta nemi ƙuri'a. Ranar 4 ga Fabrairu, 1965, ya je garin Selma na jihar Alabama lokacin King yana tsare, ya gaya wa matarsa Coretta cewa bai zo don ya dagula wa mijinta aiki ba, ya zo ne don farar fata su ga abin da ke jiransu idan suka ƙi sauraron King. Shi ma King daga baya ya matso ta ɗaya gefen: a 1967 ya fito ya la'anci yaƙin Vietnam, ya koma kan batun talauci, aka harbe shi a Memphis a 1968 yana goyon bayan masu kwashe shara da ke yajin aiki. Dukansu biyu suna da shekara 39 aka kashe su. Kuma a iya sanin tarihi, mutumin da ake kira mai wa'azin tashin hankali bai taɓa jagorantar hari a kan kowa ba.

Ya san ana farautarsa. A Disamban 1964 jaridar ƙungiyar da ya baro ta buga rubutun Louis X, wanda duniya ta sani yau da Louis Farrakhan, yana cewa irin Malcolm ya cancanci mutuwa. Ranar 14 ga Fabrairu, cikin dare, aka jefa wa gidansa a Queens kwalaben fetur, ya fito da matarsa Betty da 'ya'yansu mata huɗu cikin sanyi. Mako guda bayan haka, Lahadi 21 ga Fabrairu, ya hau mumbari a ɗakin taro na Audubon a New York, ya yi sallama. Sai hayaniya ta tashi a tsakiyar jama'a, wani yana ihu a cire masa hannu daga aljihu. Masu gadi suka juya can. Wani ya taso daga gaba ya ɗirka masa bindiga mai gajeren baki a ƙirji, wasu biyu suka bi da ƙananan bindigogi. Likitoci sun ƙirga raunin harsashi 21. Betty tana wurin da yaran, da cikin tagwaye.

Mutum ɗaya jama'a suka kama a wurin, Talmadge Hayer, ɗan Nation of Islam daga New Jersey. A gaban kotu ya amsa laifinsa, ya kuma rantse cewa mutum biyun da aka haɗa shi da su ba sa ciki. Ba a saurare shi ba. Aziz da Islam sanannun fuskoki ne a masallacin Harlem, masu gadin Malcolm sun san su, da wuya su shiga ɗakin ba a gane su ba. A 1977 Hayer ya rubuta takardar rantsuwa, daga baya ya ambaci sunayen mutum huɗu da suka yi aikin tare, kotu ta ƙi sake buɗe shari'ar. Ga abin da aka ɓoye: ɗaya daga cikin masu tsaron Malcolm, Gene Roberts, wanda aka ɗauki hotonsa yana hura masa iska a baki, ɗan sandan ciki ne. Ba a kira shi shaida ba, ba a ma sanar da lauyoyin waɗanda ake tuhuma ba. FBI tana da 'yan leƙen asiri a ɗakin, tana da bayanin da ke nuna wani mutum dabam ne ya harba babbar bindigar, kuma binciken 2021 ya gano umarni ya zo daga sama, daga ofishin J. Edgar Hoover, shugaban FBI na lokacin, cewa kada a bayyana su. Sai da wani shirin talabijin na 2020, wanda aka gina kan binciken shekaru da Abdur-Rahman Muhammad ya yi, ya tayar da ƙura, sannan aka waiwayi fayil ɗin.

A nan ya kamata a yi taka-tsantsan, domin mu ma muna son labarin da ke cewa Turawa ne suka yi komai. Waɗanda suka ja kunamar bindiga baƙaƙe ne, suna kiran kansu Musulmi, sun yi ne don kare mutuncin shugabansu. Wannan ba ya gogewa. Farrakhan da kansa ya amsa a 2000 cewa kalamansa na iya kasancewa cikin abin da ya share fagen kisan, ko da yake ya musanta hannu a ciki. Abin da takardu suka tabbatar a kan hukuma shi ne ta san barazanar, tana saurarar wayoyi, tana da mutanenta a ɓangarorin biyu, ta daɗe tana son ganin rikicin ya ruru, ranar kuma ba a ga 'yan sanda masu kaki a cikin ɗakin yadda aka saba ba, bayan haka ta bar marasa laifi suka ruɓe a kurkuku don ta rufa wa 'yan leƙen asirinta asiri. Ko abin ya wuce nan, shi ne ƙarar dala miliyan 100 da 'ya'yansa suka shigar a Nuwamban 2024 a kan FBI da CIA da 'yan sandan New York take son a tono.

Manyan coci-cocin Harlem da dama sun ƙi karɓar jana'izar don tsoro, domin kwana biyu bayan kisan an ƙona masallaci na 7. Wani cocin ya yarda. Shehu Ahmed Hassoun, malami ɗan Sudan da ke koyarwa a sabon masallacin Malcolm, shi ya yi masa wanka ya sa masa likkafani, aka sallace shi ranar 27 ga Fabrairu, aka binne shi a maƙabartar Ferncliff. Manyan jaridun ƙasar sun yi masa rakiya da baƙar magana, suna cewa haziƙi ne da ya karkace, ya mutu ta hanyar da ya yi wa'azi. Bai bar dukiya ba, ƙungiyoyinsa biyu kuma ba su yi nisa ba bayansa. Duk wanda ya auna shi a ranar da ma'aunin abin da ya gina zai ce ya faɗi.

Amma abin da ya biyo baya ya ƙaryata wannan awo ta hanyoyin da ba a zata ba. Tarihin rayuwarsa da ya faɗa wa Alex Haley ya fito a ƙarshen 1965, ya zama littafin da fursunoni da ɗalibai ke miƙa wa juna. A 1966 Stokely Carmichael ya ɗaga kiran iko ga baƙaƙe, aka kafa jam'iyyar Black Panther a Oakland, mutane suka daina jin kunyar gashinsu da launinsu, jami'o'i suka buɗe sassan nazarin tarihin baƙaƙe. Babban abin mamaki ya zo a 1975. Elijah ya mutu, ɗansa Warith Deen Mohammed, abokin Malcolm da aka sha korarsa kan ya ƙi yarda cewa Fard Allah ne, ya gaji ƙungiyar ya juya akalarta zuwa Musulunci na Alƙur'ani da Sunna, da dubban mabiya a bayansa. Hanyar da aka kashe Malcolm a kanta, ita ƙungiyar ta bi bayan shekara 10. Aka sa wa masallacin Harlem suna Masjid Malcolm Shabazz. Farrakhan ya ɓalle ya farfaɗo da tsohuwar koyarwa, amma mafi yawan baƙaƙen Musulmin Amurka ba a can suke ba. Kuma da hukumar birnin New York ta kori masu kasa kaya daga titi na 125 a Harlem a 1994, kasuwar da masallacin nan ke kula da ita a titi na 116 ce ta karɓe su, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa 'yan Nijar, waɗanda shekara biyu kafin nan suke cinikin huluna masu harafin X. A 1999 gwamnatin da ta yi shekara 12 tana bibiyarsa ta sa hotonsa a kan tambarin wasiƙa.

Hula da tambari ba sa tsorata kowa. Ƙarar da ya so a kai gaban duniya kuwa ta jira har 2020. Bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa a Minneapolis ranar 25 ga Mayu, shugaban hukumar Tarayyar Afirka na lokacin, Moussa Faki Mahamat na Chadi, ya fitar da sanarwa yana tunatar da ƙudurin Alƙahira na 1964, wancan mai laushin. Burkina Faso ta rubuta a madadin ƙasashen Afirka 54 tana neman Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva ta yi zaman gaggawa, aka yi shi ranar 17 ga Yuni, ƙanen mamacin, Philonise, ya yi magana ta bidiyo yana roƙon a bincika. Daftarin farko ya nemi a kafa kwamitin bincike a kan Amurka da sunanta. Amurka ta fice daga majalisar tun 2018, amma ƙawayenta suna ciki, aka yi ta matsa lamba a bayan fage. Kafin a amince da ƙudurin ranar 19 ga wata an cire kwamitin binciken, an mayar da batun na duniya baki ɗaya, aka ce Michelle Bachelet, babbar kwamishinar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ta rubuto rahoto.